Bindiga a Ƙofar Makaranta: Darasi Daga Garkuwar Jiki

A watan Maris na shekarar 2024 'yan bindiga suka shiga ƙauyen Gidan Bakuso da ke ƙaramar hukumar Gada a Jihar Sakkwato cikin dare, suka yi awon gaba da almajirai 15 daga wata tsangaya. Kafin wannan an ga irin haka a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe da Birnin Yawuri a 2021. Tun daga nan muhawara ta kaure: shin a girke mai bindiga a ƙofar kowace makaranta?

Masu goyon baya suna cewa ɓarawo ba ya tunkarar gidan da ya san akwai mai tsaro. Masu adawa kuwa suna kafa hujja da Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, inda akwai 'yan sanda a ranar da aka kai hari, amma maharan suka fi ƙarfinsu, har suka kashe ɗaya daga cikinsu. A Amurka ma, inda matsalar ita ce harbi a cikin makarantu, an kashe yara 19 da malamai biyu a garin Yubalde a 2022, alhali jami'ai kusan 400 sun taru a wurin, sai da aka shafe fiye da sa'a guda kafin su kutsa ajin. Wani bincike da mujallar JAMA Network Open ta buga a 2021, wanda ya nazarci hare-hare 133 daga 1980 zuwa 2019, bai sami shaidar cewa kasancewar jami'i mai makami na rage yawan waɗanda ake halakawa ba.

Ilimin halitta yana da abin cewa a nan. Idan mutum ya firgita, wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala yakan aika saƙo, sai wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda su kwarara sinadarin adirinalin cikin jini. Zuciya ta dinga bugawa da sauri, hannu ya ɗauki rawa, hankali ya tattaru a wuri guda. Wannan shiri ne na gudu ko kokawa, ba na saita bindiga a tsakiyar yara ba. Horo mai yawa yakan rage wannan illa. Ga ɗalibi kuma, tsoron da ya daɗe yakan ƙara yawan sinadarin kotisol, wanda ke raunana sashen ƙwaƙwalwa mai adana abin da aka koya.

To, mai karatu, dubi yadda jikinka ke kare kansa. Matakin farko shi ne fata, wadda ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Na biyu, ƙwayoyin halitta masu sintiri da ke gane baƙo su yi shela. Na uku, fararen ƙwayoyin jini da ke rugowa ta hanyoyin jini zuwa inda aka kira su. Jiki bai dogara da mataki guda ba, kuma da zarar fata ta ƙone ko shela ta makara, mayaƙan kan sha wuya.

Haka makaranta take. Katanga da ƙofa da fitila su ne fatarta. Mazauna unguwa, da masu unguwanni, da layin waya mai aiki su ne masu shela. Jami'an tsaro kuwa, da mota da hanya mai kyau, su ne fararen ƙwayoyin jini. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, kuma a 2023 aka buɗe cibiyar ƙasa ta kai ɗauki ga makarantu a ƙarƙashin rundunar Sibil Difens. Sai dai tsangayu da makarantun ƙauye, waɗanda da yawansu ba su da ko danga, su ne suka fi buƙatar matakan farko.

Saboda haka, kafin iyaye su tambayi bindiga nawa ke ƙofa, su fara tambaya: wa zai fara ganin baƙo, wa zai kira, kuma cikin minti nawa ɗauki zai iso? Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.