Tsakanin Madubi da Idon Jama'a

A ranar 1 ga Disamba 1952, jaridar Daily News ta birnin New York ta cika shafinta na farko da labarin wani tsohon sojan Amurka wanda ya tafi ƙasar Danmak yana namiji, likitoci suka yi masa magani da tiyata, ya wayi gari ana kiransa Christine Jorgensen. Tun daga ranar nan kuwa mutane suka ɗauka cewa sha'anin sauya jinsi bai wuce wuƙar likita da gadon asibiti ba. Wannan zato kuskure ne, domin Jorgensen ta isa Danmak tun 1950, ta shafe fiye da shekara biyu tana karɓar sinadarin homon a hannun Dakta Christian Hamburger, wanda daga sunansa ta ciro nata, kafin a kai ga aikin da jaridu suka yi ta yayatawa. Shekarun nan na tsakani, waɗanda babu mai ɗaukar hotonsu, su ne mafi tsanani.

Wajibi ne a rarrabe al'amura biyu da ake cakuɗawa. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin hunsa, wato mata-maza, wanda halittar jikinsa ce ta rikice, har ma Shaihu Halilu ya rufe littafinsa Muhtasar da mas'alar gādon hunsa mushkili, aka ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Amma wanda muke magana a kansa jikinsa ba shi da wani ishkali, sai dai zuciyarsa, sau da yawa tun ƙuruciya, tana shaida masa saɓanin abin da aka raɗa masa ranar suna, shaidar da kan zo da ƙunci mai hana barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga babin taɓin hankali a 2019. Ta fuskar addini kuwa, jumhurun malamai sun hana tiyata ga wanda ba hunsa ba, suna ganinta canza halittar Allah ce. Ayatullahi Khumaini ya halatta ta a Iran cikin shekarun 1980, bayan wata mai irin wannan hali, Maryam Molkara, ta kai kukanta gabansa. Fatawar da Shaihu Ɗanɗawi ya bayar a kan batun a Masar a 1988 har yau ana saɓani a kan abin da take nufi. Tun kafin su duka, Imam Nawawi ya bambanta wanda aka halitta da ɗabi'ar mata, wanda babu zargi a kansa, da mai ƙirƙiro ta da gangan. Hukunci na malamai ne. Abin da ya rage mana shi ne sanin halin da bawan Allah yake ciki kafin mu buɗe baki.

Galibi ba da magani ake farawa ba. Da suna ake farawa, da aski ko barin suma, da tufar da ake sawa bayan an kulle ƙofa. In an kai ga magani, sai a tarar jiki ba ya gaggawa: wanda ke komawa namiji, muryarsa kan soma kauri cikin shekarar farko, gemu kuwa sai ya ɗauki shekaru kafin ya cika, wadda ke komawa mace, ƙirji kan soma tasowa bayan wata 3 zuwa 6, ba ya kammala sai shekara 2 ko 3, kuma maganin ba ya siranta murya ko kaɗan, sai da horo da naci, ba ya kuma kawar da gemu. Balaga ce ta biyu, da ƙurajenta da saurin fushinta, ga wanda watakila ya ba talatin baya.

A nan ne tarko mafi girma yake. Da yake mutum ya ƙosa a gan shi yadda yake ganin kansa, sai ya wuce makaɗi da rawa. Ka ga wadda ke komawa mace ta tsaya gaban madubi ta sa jambaki ta goge, ta zizara gazal ta goge, ta ɗaura ɗankwali ta kwance, har la'asar ta yi sakaliya, daga bisani ta fasa fitar ɗungurum, saboda inuwar gemu ta ƙi ɓoyuwa a ƙarƙashin hoda. Ba laifinta ba ne ita kaɗai. Asibitocin farko da suka shiga wannan aiki a Amurka bayan 1966 sun riƙa gindaya sharaɗin mutum ya rayu shekara ɗaya ko biyu cikin sabuwar kama kafin tiyata, likitoci kuma suka riƙa auna gaskiyarsa da siket da rangwaɗa, sai masu neman magani suka koyi kwaikwayon macen da ke cikin tunanin likita. Alhali kuwa duk wanda ya san mata ya san ba iri ɗaya ba ne: akwai mai kakkausar murya, akwai wadda ko kwalli ba ta sawa, akwai mai faskara itacen da zai gagari ƙato, kuma babu wanda ya taɓa neman su kawo hujja. A ganina, natsuwa tana sauka ne ranar da mutum ya daina naɗa kowane baƙo da ya haɗu da shi a hanya alƙali a kan rayuwarsa, ya kuma yarda cewa wanda ya yi masa "ka" a maimakon "kin" bai rushe kome ba. Wasu ma sukan gwada, su ga ba nan zuciyarsu ta nufa ba, su koma. Wannan ba abin kunya ba ne, shi ya sa ake son a fara da abin da ake iya warwarewa.

Gaggawa kuwa tana da diyya. Sayen homon a kemis ba tare da gwajin jini ba yana iya jawo daskarewar jini a jijiya, musamman ga mai shan taba. Ɗaure ƙirji da bandeji, kamar yadda wasu masu komawa maza kan yi, yana takura numfashi, har ya raunata haƙarƙari, shi ya sa ake gargaɗin kada ɗaurin ya wuce awa 8 kuma kada a kwana da shi. Maganin yana iya taɓa haihuwa, wannan kuwa magana ce da ya kamata a yi ta da likita tun ba a haɗiyi ƙwaya ɗaya ba.

Mu a ƙasar Hausa mun san 'yan daudu a tasha da wuraren sayar da abinci, ko da yake ba duka ne suke ɗaukar kansu mata ba, da yawansu ma magidanta ne masu 'ya'ya. Mun kuma san cewa a wasu jihohin Arewa doka ta tanadi hukunci ga namijin da ya yi shigar mata, ga jifa da ihun yara a bayansa. Saboda haka wanda ya ɓoye halinsa a inda bayyanawa za ta jawo masa duka ko kora ba matsoraci ba ne, kiyaye rai yana cikin manyan maƙasudan shari'a. Abin da ke halaka irin waɗannan bayin Allah shi ne rashin ko mutum ɗaya da za su faɗa wa. Wani bincike da Stephen Russell da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2018, a kan matasa 129, ya nuna cewa gwargwadon yawan wuraren da ake kiran matashi da sunan da ya zaɓa, a gida ko makaranta ko wurin aiki ko cikin abokai, gwargwadon raguwar baƙin cikinsa da tunanin kashe kansa.