Ko Ka Sani? Agogon Miliyoyi Bai Kai Casio Riƙe Lokaci Ba

Kamfanin Rolex ya yi alkawarin cewa agogonsa ba zai yi gaba ko baya da fiye da sakan 2 a rana ba. A wata guda ke nan yana iya kaucewa da minti ɗaya cur. Shi kuwa ɗan baƙin Casio na roba, samfurin F-91W da ya fito a 1989, irin wanda ɗan makaranta a garin Manga zai iya saye da kuɗin ƙwadagon gona, alkawarinsa sakan 30 ne a wata. Idan dai sanin lokaci ake nema, mai arahar ya yi wa mai tsadar fintinkau.

Dalili yana cikin cikinsu. Yawancin agogunan alfarma ba su da batir. Wani siririn sifirin ne nannaɗe a ciki, ana yi masa wani, yana warwarewa a hankali yana tura 'yan tayoyi masu haƙora. Da za a sake shi, da ya zube ƙarfinsa nan take, don haka aka sa masa mai gadi: wata 'yar taya da ke lilo gaba da baya, tana buɗe hanya tana rufewa. A agogunan zamani da yawa tana bugawa sau 8 a sakan, sau 28,800 a awa, sau 691,200 a kwana guda, ba hutu ba sallama. Ba banza ba ake yi masa kirari da agogo sarkin aiki. Wasu ma ba sa bukatar wani, domin akwai ɗan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa duk sanda ka motsa hannu, shi ke ɗaure sifirin ɗin. Amma kayan ƙarfe ne: zafi yana taɓa su, maganaɗisu yana rikita su, man da ke ciki yana bushewa. Yakutun da ake rubuta yawansa a jikin agogo kuma na haɗi ne, aikinsa rage gogayya, ba shi ne tsadar ba.

A cikin Casio kuwa wani ɗan dutse ne mai suna kwaz, batir yana sa shi karkarwa sau 32,768 a sakan. Seiko na Japan ya fara sayar da irin wannan agogon hannu ranar 25 ga Disamba, 1969, a kan yen 450,000, kusan kuɗin mota a lokacin. Ba a jima ba farashi ya faɗi warwas, masana'antun agogo na Suwizalan suka yi ta durƙushewa, ma'aikata dubbai suka rasa abin yi. Waɗanda suka tsira sai suka sauya abin da suke sayarwa: suka bar gasar daidai, suka koma sayar da aikin hannu da suna. Abin ya zama kamar doki da babur. Babur ya fi sauri, ya fi sauƙin riƙo, amma ba wanda ke hawan sallah a kansa.

Mutanen ƙasar Zuru, da suka yi suna wajen aikin soja, za su so jin wannan: sojoji ne suka koya wa maza ɗaura agogo. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, namiji a Turai a aljihu yake sa agogonsa, na hannu kuwa ana ganinsa ado ne na mata. Wanda ke riƙe da bindiga a rami ba shi da hannun laluben aljihu, shi ya sa ya ɗaure shi a wuyan hannu.

To, ina tsadar take? Akwai ta gaskiya. Agogon da ke da ɗaruruwan sassa, wasu sirara kamar gashi, da mutum ya goge ya harhaɗa da hannu, ba zai yi araha ba, kuma idan ana kula da shi jika ma zai ɗaura. Sauran kuwa kuɗin suna ne da ƙarancin kaya. Agogon Patek Philippe ɗin da aka yi gwanjonsa a Jeniba a Nuwamba 2019 kan faran miliyan 31 na Suwizalan, jikinsa baƙin ƙarfe ne, ba zinare ba; an dai ƙera shi ne ƙwaya ɗaya tak. Rolex ɗin ɗan fim Paul Newman ya ci dala miliyan 17.8 a 2017 saboda hannun da ya ɗaura shi.

Irin waɗannan labarai ne ke sa wasu cewa agogo jari ne. Ni ban yarda ba, sai a 'yan ƙalilan. Farashin 'yan gwanjo ya hau sama a farkon 2022, daga baya ya yi ta sauka, masu sayen riba suka ji a jikinsu. Ga kuma ɗawainiya: Rolex da kansa yana shawartar a kai agogo a wanke shi a sake masa mai duk kamar shekara 10, aikin da mai gyaran agogo na bakin kasuwa ba shi da kayansa. Daga Manga, wa za ka kai wa? Ga jabu da suka cika kasuwannin Kano da Sakkwato. Idan ka ga tsinken sakan na “Rolex” yana tsalle ɗaya-ɗaya maimakon ya riƙa sulalewa, kusan tabbas batir ne a ciki, kodayake ƙwararrun jabu sun iya sulalewar su ma.

Mai kuɗin da ke son aikin hannu, ya kuma san abin da yake saye, bai yi asara ba. Amma wanda zai sayar da sa ko buhunan dawa don a gan shi da Rolex, ko don tsammanin riba, gara ya riƙe dukiyarsa ya sayi Casio, wanda batirinsa kan kai shekara 7.