Cima da Rage Ƙiba da Maiƙon Jini a Ƙasashen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A wannan takarda za mu duba dangantakar cimar Bahaushe da maiƙon nan na cikin jini da likitoci ke kira kolestarol, da kuma ko rage ƙiba yana ƙara tsawon kwana.

Shi wannan maiƙo hanta ce ke sarrafa mafi yawansa. Nau'in da ake kira LDL, idan ya yawaita, sai ya riƙa taruwa a bangon jijiyoyin jini har hanya ta ƙuntata, daga nan a sami ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya fi tayar da shi a cikin abinci kuwa shi ne mai mai daskarewa, watau man shanu da kitse da kakide, sai manja wanda kusan rabinsa irin wannan ne. Man gyaɗa da na waken soya ba haka suke ba.

Manomin kudancin Katsina mai tuwon dawa ko na masara da miyar kuɓewa, ga wake ga zogale, ga aikin fartanya, cimarsa ta gado ba ta da aibu ta wannan fuska. Wanda muke ji wa tsoro shi ne mai hali, alal misali dillalin shanu a kasuwar Sheme ta ƙasar Faskari, wanda yakan wuni zaune, ya ci balangu mai kitse, da dare a malala masa man shanu a tuwo. In tumbi ya fito sai a ce hutu ya karɓe shi.

Akwai shaida daga waje. A 1972 aka soma wani shiri a lardin Kareliya ta Arewa a Finland na rage man shanu da gishiri da taba; cikin shekara 40 mutuwar magidanta ta ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Amma batun rage ƙiba sai mu yi hattara. Wani bincike a Amurka kan masu ciwon sukari fiye da 5,000, wanda aka bayyana a 2013, ya nuna sun rage nauyi, sukari ya lafa, amma ciwon zuciya bai ragu ba. A ganinmu irin man da ake ci ya fi awon sikeli muhimmanci.

Kuma rama iri biyu ce. Tun da 'yan bindiga suka raba manoma da yawa na waɗannan ƙananan hukumomi uku da gonakinsu, ramar da ake gani ta yunwa ce, wadda ke cinye tsoka, ta karya garkuwar jiki, ta gajarta kwana. Siriri ma yakan gaji yawan kolestarol daga iyaye, kuma ido ba ya gane wannan, sai awon jini a asibiti.