Taurari Biyu A Saman Daura, Ashe Shida Ne

Kwanan baya wani malamin makaranta daga ƙasar Zango ya aiko mana da takarda. Ya ce ya fita da yaransa kallon sama bayan sallar lisha, sai wani yaro mai kaifin ido ya nuna masa wani ɗan tauraro maƙale da wani babba, ya tambaye shi ko tare su ke, ko kuwa ido ne kurum ya gama su. Malam ya ce masa tare su ke. Da ya koma gida sai abin ya dame shi, domin ba shi da hujjar da zai kafa in yaron ya sake tambaya. Mun ga ya kamata mu ba da amsa a fili, gama tambayar yaron nan ita ce masana taurari su ke ta juyawa tun zamani mai tsawo.

Da fari bari mu nuna wa masu karatu inda abin ya ke. Cikin watan Afrilu ko Mayu, in mutum ya fuskanci arewa bayan lisha, zai ga taurari bakwai masu haske sun yi siffar ludayi, huɗu su ne kan ludayin, uku su ne mariƙinsa. Malamanmu na zaure sun san su cikin littattafan Larabci da sunan Banatu Na'ashi, watau makara da 'yan mata uku na biye da ita. Tauraron tsakiya na mariƙin, daidai inda ya lanƙwasa, shi ne Mizar. Ɗan ƙaramin da ke gefensa Larabawa na ce masa Suha, Turawa kuwa Alcor. Ratar da ke tsakaninsu ta ɗan ɗara sulusin faɗin wata daren sha huɗu. Daura tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a tsakiyar Mayu, wajen ƙarfe goma da rabi na dare, Mizar ya kan hau har ya ɗan wuce rabin tazarar da ke tsakanin gindin sama da tsakar ka. Larabawan dā da Suha su ke gwada ƙarfin idon mutum.

Nisansu fa? Haske yana gudun mil 186,000 cikin sakan guda, amma duk da haka sai ya yi kamar shekara 83 a hanya kafin ya iso mu daga Mizar, daga Suha kuwa kamar 82. Watau hasken da yaron nan ya gani ya taso ne tun zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

Farkon abin mamaki ya bayyana cikin 1617, sa'ad da wani masani na ƙasar Italiya, Benedetto Castelli, ya dubi Mizar da madubin hangen nesa, ya ga ashe shi kansa biyu ne, ya rubuta wa abokinsa Galileo ya duba shi ma. Aka kira su Mizar A da Mizar B. Cikin 1857 aka ɗauki hotonsu a Jami'ar Harvard ta Amurka, su ne tagwayen taurari na farko da aka taɓa ɗauka hoto. Cikin 1889 kuma, a nan Harvard ɗin, Edward Pickering da wata masaniya mai suna Antonia Maury suka ratsa hasken Mizar A ta cikin gilashin da ke rarraba haske launi-launi kamar bakan gizo. Suka ga baƙaƙen layukan da ke cikin launukan suna rabuwa biyu, su koma su haɗe, su sake rabuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Kano ya ji yadda ƙarar hon ɗin mota ke sirancewa in tana tahowa, ta yi kauri in ta wuce, ya riga ya san asirin. Haka haske ya ke yi. Taurari biyu ne ke kewaya juna, in ɗaya na tahowa wajenmu ɗaya na komawa, su kan gama zagaye guda cikin kwana ashirin da rabi. Kowannensu ya fi ranarmu nauyi ninki biyu da ɗoriya, ya fi ta haske fiye da sau talatin. Cikin 1908 aka gane Mizar B shi ma biyu ne, nasu zagayen wajen wata shida. Sa'an nan cikin 2009 ƙungiyoyi biyu na masana a Amurka, kowace da nata binciken, suka gano wani ɗan jan tauraro dishi-dishi kusa da Suha, wanda nauyinsa wajen rubu'in na rana ne. Huɗu da biyu, shida ke nan.

Don a gane girman abin, ga wani misali da malami zai iya yi wa yara. Tsakanin duniya da rana mil 93,000,000 ne. A ƙaddara wannan tazara yadi guda ce, a tsaya a bakin rijiyar Kusugu. Tagwayen Mizar A za su kasance taƙi guda tsakaninsu. Mizar B zai faɗa wajen yadi 380 daga nan, ana cikin gari tukuna. Suha kuwa, in an sassauta lissafi iyakar sassautawa, sai an yi tafiyar mil goma kafin a tarad da shi. Eric Mamajek, wanda a lokacin yana Jami'ar Rochester, ya kuma shugabanci ɗaya daga ƙungiyoyin nan biyu, ya ƙiyasta tazarar ta kai wajen yadi 74,000 a wannan ma'auni, watau mil arba'in da 'yan kai, mutum ya kusa hango Katsina. Irin waɗannan su a ke kira tagwaye masu nisan tsakani.

To, yanzu ga gindin maganar. Tun 1687 Isaac Newton ya nuna cewa kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, kuma in tazara ta ninka biyu ƙarfin jan ya kan koma rubu'i. A nisa irin na Suha, jan ya yi rauni ƙwarai, tafiyar kuma ta yi nawa. Duniyarmu tana gudun mil goma sha takwas da rabi cikin sakan wajen kewaya rana. Suha, in har yana kewaya Mizar, ba zai kai rabin mil ba. Zagaye guda zai ci masa shekara 750,000 ko fiye. In aka ɗauki zagayen nan kamar awa guda a fuskar agogo, shekaru ɗari huɗun da aka yi tun daga Castelli ba su cika sakan biyu ba. Wa zai dubi dogon hannun agogo na sakan biyu ya rantse ya ga ya yi kwana? Shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin lanƙwasar hanyar Suha, ba kuwa mai gani cikin jikokin jikokinmu.

Da ya ke ba a iya ganin zagayen, sai masana suka koma ga shaidu, kamar yadda alƙali ke yi in ba wanda ya ga abu da idonsa. Shaida ta farko, nisansu daga gare mu kusan ɗaya ne. Ta biyu, suna gusawa a sararin sama wuri guda da sauri guda, ko da ya ke gusawar ba ta da yawa, sai sun yi kamar shekara 15,000 kafin su ƙetare faɗin wata. Amma shaidar nan ta biyu tana da rauni, kuma a ganinmu nan ne littattafan makaranta da yawa su ke yin gaggawa. Cikin 1869 Richard Proctor na Ingila ya lura cewa biyar daga taurari bakwai na ludayin, in aka cire na bakin kan da na ƙarshen mariƙi, duk wuri guda suka nufa. 'Yan gida ɗaya ne, cikin gajimaren iska da ƙura guda aka halitta su. Mutum biyu da suka fito daga Mai'aduwa ran kasuwa suka bi hanya ɗaya, ba lalle ne a ce mata da miji ne ba, watakila 'yan ayari ɗaya ne kurum. Abin da zai raba gardama shi ne a san ainihin yadda ɗaya ya ke gaba da ɗaya ta wajenmu. In ratar kaɗan ce, Mizar na riƙe da Suha. In ta wuce tafiyar haske ta shekara guda da nisa, riƙon ya yi sako-sako, har wani tauraro mai wucewa ya iya raba su. Mamajek da abokan aikinsa sun kafa hujja cewa ɗan bambancin gudu da a ke gani tsakanin Suha da Mizar, jan ƙaramin abokin Suha ne ke kawo shi, saboda haka suka rinjayar da cewa su shidan a ɗaure su ke. Maganar tasu tana da ƙarfi, amma rinjaye ce, ba a kai ga yanke hukunci ba.

Akwai inda aka yanke. A daren nan guda, in malami ya juya kudu bayan awa guda da 'yan mintoci, zai ga wani tauraro mai tsananin haske can ƙasa-ƙasa, sunansa Alfa Sentauri. Yana da ɗan abokin tafiya, Proxima, wanda ido ba ya gani, Robert Innes ya gano shi a Johannesburg cikin 1915, shi ne kuma tauraro mafi kusa da ranarmu. Sai cikin 2017 aka auna gudunsa sosai har aka tabbatar a ɗaure ya ke, zagayensa wajen shekara 550,000. An yi shekara ɗari da biyu ana jiran wannan amsa. Kumbon Gaia da ƙasashen Turai suka harba cikin 2013, wanda ya gama aikinsa cikin 2025, ya auna taurari da yawan gaske, har cikin 2021 aka fitar da jerin tagwaye fiye da miliyan guda daga awonsa.

Saboda haka amsarmu ga malamin Zango ita ce, bai yi ƙarya ba, amma ya faɗi abin da ya fi wanda aka sani. Ya koma ya gaya wa yaron cewa lalle ba ido ne kawai ya gama su ba, 'yan'uwa ne, nisansu ɗaya, hanyarsu ɗaya. Ko ɗaya na kewaya ɗaya, wannan galibin zato ne. Ba mu ga abin kunya ba ga malami ya gyara maganarsa gaban yara. Ɗalibanmu masu koyon aikin malanta mu kan gaya musu haka kullum, ko da ya ke ba duka ke jin daɗinsa ba.

Ga masu son fita da yara, a zaɓi daren da ba farin wata, bayan hazo ya yaye kuma kafin hadarin damina ya rufe sama, a nisanci fitilu, a zauna kamar minti goma sha biyar ido ya saba da duhu. Kowane yaro ya zana abin da ya gani shi kaɗai, kada ya kwafi na maƙwabcinsa. Yaron da ya kasa ganin Suha alhali 'yan'uwansa duk sun gani, kada a yi masa dariya ko tsawa. A rubuta sunansa, gobe a duba ko yana ganin allo sosai, a matso da shi gaba, a shaida wa uwayensa su kai shi a duba idonsa. In kuma makaranta na da ɗan madubin hangen nesa, za a ga wani tauraro na uku dishi-dishi a ɗan gefe tsakanin Mizar da Suha. Cikin 1722 wani malami a Jamus, Johann Liebknecht, ya zaci sabuwar duniya ce ya gano, har ya raɗa mata sunan sarkinsa Ludwig. Tauraro ne kurum, yana can baya da nisa ninki uku ko fiye, ba abin da ya gama shi da su shidan.