Wai Zama Kai Kaɗai Yana Taɓa Ƙwaƙwalwa?

Da zarar saurayi ya rage zuwa majalisa, ko matar aure ta fara tura ƙofar ɗakinta bayan la'asar, sai surutu ya tashi a unguwa. Wannan ya ce girman kai ne, waccan ta ce an yi asiri, wani ya rantse iskoki ne. Yanzu kuma ga saƙon da ke yawo a WhatsApp, wai likitoci sun tabbatar zama kai kaɗai daidai yake da shan karan sigari 15 kullum.

Maganar sigarin tana da tushe, amma an yanke mata kai. A watan Mayun 2023 babban jami'in lafiya na Amurka, Dakta Vivek Murthy, ya fitar da rahoton da ya kwatanta haɗarin rashin cuɗanya da mutane da na shan sigarin da ya kai kara 15 a rana. Wanda ake nufi shi ne mutumin da ba shi da kowa: ba mai leƙo shi, ba wanda zai kira in ciwo ya kama shi cikin dare. Matsalar ta kai Birtaniya ta naɗa minista musamman a kanta a 2018. Mai iyali da abokai da ya zauna rabin sa'a a kan dardumarsa bayan asuba, kafin yara su tashi, ba ya cikin wannan lissafi.

Zancen cewa son keɓewa alamar aljanu ce kuwa, ƙarya ce, kuma abin mamaki ne jin ta a bakin Musulmi. Manzon Allah (SAW) ya riƙa keɓewa a kogon Hira kafin saukar wahayi. Duk goman ƙarshe na azumi masallatanmu cike suke da masu i'itikafi. Imam Gazali ya ajiye koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, ya yi shekaru a keɓe, kuma a Ihya'u Ulumiddin ya ware babi guda yana auna amfanin keɓewa da illarsa. Bai yanke wa kowa hukunci ɗaya ba, ya bar shi ga halin mutum. Daga baya ma ya koma koyarwa.

Su ma masu cewa duk wani kaɗaici magani ne sun yi kuskure. Na dole azaba ne. Shi ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 kan fursunoni, waɗanda ke ɗauke da sunan Mandela, suka haramta killace mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Na ganin dama ma ba ya zuwa da sauƙi. A wani binciken Jami'ar Virginia na 2014 an bar mutane a ɗaki na kimanin minti 15, ba waya ba littafi. Kashi biyu cikin uku na mazan suka gwammace su jona wa kansu lantarki da su zauna shiru. Wanda ya kwanta yana murza TikTok har ƙarfe biyun dare, a ganina, bai keɓe ba, kasuwa ya shigo da ita ɗaki.

Inda masu tsoro suke da gaskiya shi ne janyewa daga mutane kan zama alamar ciwon damuwa. Idan aka wuce mako biyu mutum ba barci, ba cin abinci, ya daina wanka, abin da yake so da duk ya fita ransa, ko mai jego ta riƙa kuka ba dalili, to ba hutu suke yi ba. Kada a tsaya hayaƙi da habaici. A kai su ga likita, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato. Wanda kuwa ya shiga ɗaki ya fito da fara'a, don Allah a ƙyale shi ya sarara.