Allon STOP A Cikin Unguwa: Yaushe Ya Kamata A Kafa Shi?

Da wuya mako ya wuce a gidan rediyon da muke aiki ba tare da wani mai sauraro ya bugo waya yana kuka da gudun da masu babura da motoci ke yi a cikin unguwa ba. Galibi kuma da roƙo ɗaya ake rufe maganar, wato hukuma ta zo ta kafa jan allon nan mai rubutun STOP a mahaɗar hanyar ƙofar gidansu. Masu wannan kuka suna da gaskiya, domin 'ya'yansu ne ke tsallaka waɗannan hanyoyi safe da yamma zuwa lakwal da makarantar allo. To amma abin tambaya shi ne, ko allon shi ne maganin kowace mahaɗa?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne wani al'amari da muka gani da idonmu a wata unguwa da ke bayan kasuwar garinmu. Wani ɗan kabu-kabu ne ya fito daga lungu ya buge wata yarinya mai talla, ta samu karaya a ƙafa. Hankalin mutanen unguwa ya tashi, aka yi karo-karo, aka kai wa mai walda ya yanka ƙarfe ya shafa masa jan fenti, aka kafa a bakin kwanar. A makon farko kowa na tsayawa. Da muka koma bayan 'yan makonni, sai muka tarar babu mai ko rage gudu, allon ma ba a ganinsa, domin babbar motar da ke sauke kaya a wani sito ta tsaya daidai gabansa. Nan ne kuwa motar take tsaye ranar da aka buge yarinyar, ita ce ta tare wa ɗan kabu-kabun gani. Kuɗin jama'a ya tafi, kwanar kuwa tana nan da hatsarinta.

Asalin allon da aikinsa

A birnin Ditroit na ƙasar Amurka aka fara kafa allon tsayawa a shekarar 1915. Daga baya aka ba shi siffar kusurwa takwas, wadda babu wani allon hanya mai irinta, don direba ya gane shi ko da daga bayansa ya hango shi, ko kuma ƙura ta rufe rubutun kamar yadda kan faru a lokacin hunturu. Ya yi shekaru yana ruwan ɗorawa, sai a 1954 Amurka ta mayar da shi ja. A 1968 kuma yarjejeniyar alamomin hanya da aka ƙulla a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ta sanya shi cikin alamomin da ƙasashe suka amince da su. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya taso daga Kano zuwa Maraɗi, ko daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni, zai tarar da allo mai siffa ɗaya a ɓangarorin iyakar biyu, duk da cewa nan Faransanci ake yi a ofis, can kuma Ingilishi.

Aikin allon guda ɗaya ne: ya raba gardamar wanda zai fara wucewa. Yana umartar wanda ya tarar da shi ya tsaya cak, ya duba dama da hagu, ya bar na kan ɗaya hanyar su wuce, sannan ya shiga. Rage gudu kaɗai bai wadatar ba, sai taya ta daina juyawa.

Inda babu allo ma akwai doka

Da yawa daga cikinmu na zaton mahaɗar da babu allo ba ta da doka. Ba haka ba ne. A Nijar da sauran ƙasashen da suka gaji tsarin tuƙi na Faransa, ƙa'idar ita ce idan hanyoyi biyu suka haɗu babu wata alama, wanda ya fito ta hannun damanka shi ke da hanya. Haka kuma yarjejeniyar zirga-zirga ta Biyana, ita ma ta 1968, ta ce wanda ya fito daga hanyar ƙasa zai hau babbar hanya shi ne zai jira. Duk wanda ya yi karatun permi an koya masa wannan.

Matsalarmu a garuruwan bakin iyaka ita ce yawancin masu babura ba su taɓa zaman ajin koyon tuƙi ba, direbobi kuma daga wurare daban-daban suke zuwa, kowa da irin sabonsa. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama kamar maƙwabtanta, Gana ta bi sahu a 1974, saboda haka ɓangaren hanya ɗaya muke bi. Sai dai a aikace dokar da ta fi ƙarfi a lungunanmu ita ce ta mai babbar mota: tirela ta kori ƙaramar mota, ƙaramar mota ta kori babur, babur ya kori mai amalanke da mai tafiya a ƙasa. A irin mahaɗar da wannan ruɗani ya yi yawa allon STOP yake da amfani ƙwarai.

Yadda masu ilimin hanya ke aunawa

Tun da a Amurka allon ya samo asali, bari mu duba yadda suke yanke shawarar kafa shi. Suna da wani kundi na alamomin hanya da aka fara bugawa a 1935, ana kuma sabunta shi lokaci zuwa lokaci, bugu na 11 ya fito a Disamban 2023. Bisa wannan kundi, kukan jama'a dalili ne na a je a bincika, amma ƙidaya ce ke yanke hukunci.

Bugun 2009, wanda aka yi shekaru 14 ana aiki da shi, ya ce a duba yiwuwar tsayar da masu fitowa daga ƙaramar hanya idan aka samu ɗaya cikin abubuwa uku. Na farko, idan motocin da ke bin babbar hanyar sun haura 6,000 a rana. Na biyu, idan wani abu ya tare gani har sai direba ya tsaya kafin ya hango masu zuwa. Na uku, idan an samu haɗari 3 cikin wata 12, ko 5 cikin shekara 2, irin waɗanda tsayawa za ta iya hanawa, kamar karon da ake yi idan wannan ya fito ta gefe wancan ya miƙo.

Tsayar da dukan hanyoyin mahaɗa kuwa, a wannan bugu na 2009 sharaɗinsa ya fi tsauri. Sai an samu haɗari 5 cikin wata 12, ko kuma babbar hanya tana ɗaukar aƙalla motoci 300 a awa har tsawon awa 8 a rana, ƙaramar kuma tana ɗaukar 200 idan aka haɗa motoci da kekuna da masu tafiya a ƙasa. Dalili shi ne tsayar da kowa yana da ma'ana ne kawai inda hanyoyin biyu suka yi kusan kunnen doki wajen cunkoso.

Ba muna cewa a kwaso waɗannan alkaluma a ɗora wa Magarya ko Ɗan Isa ba, domin an yi su ne don ƙasar da mota ta fi babur yawa. Abin koyi shi ne tsarin: a ƙirga masu wucewa, a duba abin da direba ke iya gani, a tattara labarin haɗurran da aka yi, sannan a yanke shawara.

Allon ba maganin gudu ba ne

Wannan kundi ya faɗi ƙarara cewa kada a yi amfani da allon STOP don hana gudu. Injiniyoyin hanya sun daɗe da lura cewa direban da ya tsaya sau biyu sau uku bai ga kowa na zuwa ba, a karo na huɗu ba zai tsaya ba. Wani kuma idan ya tsaya sai ya ƙara wuta daga baya don ya rama lokacin da ya ɓata. Mafi muni shi ne yaro da tsohuwa sun ga allo sun saki jiki cewa mota za ta tsaya, alhali direban ya riga ya raina shi. Kuma wanda ya saba take allo a lungu, wata rana zai take shi a bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, inda manyan motocin albasar Galmi ke wucewa da lodi.

Gudu kuwa lissafinsa a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga yaro ya kai ƙafa kan birki daƙiƙa ɗaya ta wuce, kafin motar ta tsaya kuma a kan busasshiyar kwalta an ci wajen mita 28 gaba ɗaya. A gudun kilomita 30 kuwa, wajen mita 13 ya isa. Idan hanyar yashi ce ko motar na ɗauke da buhuna, tazarar ta fi haka. Wannan ne ya sa taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a birnin Sitokhom na ƙasar Suwidin a 2020 ya nemi a taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a wuraren da mutane da motoci ke cakuɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗarin hanya a 2021, Afirka ce kuma ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Inda gudu ne matsalar, abin da ke aiki shi ne tudun rage gudu da aka gina bisa ƙa'ida, mai faɗi, da fenti da allon gargaɗi kafin a iso shi. Ban da irin wanda matasa ke tarawa da ƙasa ko kututture cikin dare, wanda ke kayar da masu babura ya kuma fasa wa 'yan kasuwa kaya.

Rabonmu 'yan kasuwa

A nan maganar ta dawo kanmu. Saboda tsadar rumfa da ƙarancin wuri a kasuwa, da yawa sun mayar da shagunan gidaje da zauruka sito a cikin unguwa. Ranar Laraba a Ƙonni, ko Litinin da Juma'a a Maraɗi, lungun da aka gina don masu gida da awakinsu sai ya cika da kamiyo da adaidaita da amalanke. Kwana kuma ita kowa ke so: nan mai shayi ke kafa tebur, nan mai sayar da mai ke jera kwalabe, nan ake jibge buhuna, domin nan ne masu wucewa ta hanya biyu ke ganin kaya. Amma abin da ke jawo mai saye shi ne ke rufe wa direba ido.

Sau da yawa matsar da mota taku goma sha biyar ko ashirin daga kwana ya fi allo amfani, kuma ko dala ba a kashewa. Haɗari ɗaya kuwa a ƙofar sitonka yana iya jawo a tsare mota da direba kwana da kwanaki, kaya su lalace, a yi ta zarya tsakanin likita da ofishin 'yan sanda, ban da nauyin rai idan abin ya zo da ƙarar kwana.

Yadda unguwa za ta kai kuka

Ga shawarar da muke ba masu bugo mana waya. A samu littafi guda a ajiye wajen mai unguwa, duk haɗarin da aka yi a rubuta rana da lokaci da ta inda kowa ya fito. A sa matasa biyu su zauna a mahaɗar su ƙirga motoci da babura da amalanke da masu tafiya a ƙasa, sau ɗaya ranar kasuwa, sau ɗaya ranar da ba ta kasuwa ba, musamman lokacin tashin 'yan makaranta. Sannan mutum ya tsaya daidai inda mai babur ke tsayawa ya duba: taku nawa yake hangowa dama da hagu? Idan tebur ne ko mota ko reshen bedi ya tare, a kawar. Idan katangar gida ce wadda ba ta kawuwa, ko kuma lungu ne ke fita kan hanya mai yawan motoci, to nan ne gurbin allon STOP, a kuma kafa shi a kan ƙaramar hanyar.

Da wannan littafi za a je ma'aikatar magajin gari, ko ƙaramar hukuma ga waɗanda ke ɓangaren Nijeriya, inda kuma akwai hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya da aka kafa tun 1988. Hukuma ce ke da ikon kafa alamar hanya. Allon da unguwa ta kafa da kanta yana iya zama abin gardama ranar da aka yi karo, kowa ya ce shi ke da hanya. Kuma takarda mai ɗauke da ƙidaya ta fi saurin samun amsa a kan kukan baki.

Daga ƙarshe muna kira ga hukumomi da cewa inda bincike ya nuna allon ya dace, a kafa na gaskiya mai ƙyalli da dare, a ja farin layi inda akwai kwalta, a kuma tura jami'ai su tsaya a wurin a makonnin farko har jama'a su saba. Muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da na 'yan kabu-kabu su ja kunnen mutanensu kan tsayawa a kwana. Yarinyar nan mai talla ta warke, ta koma ɗaukar farantinta, kuma ta wannan kwanar take bi kullum. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, ya kai kowa kasuwa lafiya ya dawo da shi gida lafiya, amin.