Ranar da Na Sa Mamaci Ya Shuri Bokiti

Ina aji na farko a kwaleji aka fara koya mana Ingilishi, kamar kowane yaron lakwal a Nijar, amma sai da na shiga Jami'ar Abdou Moumouni na gane haddar kalmomi daban, jin magana daban. Kullum da safe in ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda da ƙamus a jaka, na Ingilishi zuwa Faransanci. Nan matsalar take. Ɗan Yamai sai ya juya magana zuwa Faransanci tukuna, sannan ya sauke ta a Hausa ko Zabarmanci. Kalma guda tana jure wannan tafiya, salon magana kuwa a hanya yake mutuwa.

Ɗauki "it's raining cats and dogs". Kuliyoyi da karnuka daga sama? Bafaranshe igiyoyi yake cewa suna zuba. Mu kuwa tuni muna da namu: ruwa kamar da bakin ƙwarya. Abin da ya yi ɗan karen tsada, Bature ya ce ya ci hannu da ƙafa, "an arm and a leg", Bafaranshe ya ce ya ci idanun da ke kai. Ranar da na daina neman fassara na koma tambayar kaina me Bahaushe zai ce a nan, karatun ya sassauta. Ai mu ma haka muke wahalar da baƙi: gaya wa Ba'amurke wane yana da farin jini, ka ga ya fara neman likita.

Sai dai sanin ma'ana bai isa ba. Na haddace cewa "kick the bucket" mutuwa ce. Da mahaifin wani abokina ɗan Ghana ya rasu, na rubuta masa ta'aziyya na sa ta ciki, ina ta jin kaina gwani. Ya yi kwana uku bai amsa ba. Wani malaminmu ya karanta saƙon, ya dafe kai.

"Kai ɗana, ka ce masa tsohonka ya sheƙa barzahu ke nan!"

"To Malam, me zan ce?"

"Passed away. Ita ce ya riga mu gidan gaskiya."

Ƙamus bai gaya mini wace magana ce ta fada wurin shayi, wace ce ta zaman makoki ba.

Tun watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Shi ya sa ƙannena da ke koyon Ingilishi yanzu na ba su littafin rubutu mai gida uku: maganar Ingilishi, takwararta ta Hausa, da gaban wanda ake iya faɗinta. Gida na ukun suka fi bari fanko.

Abokin nawa ya yafe mini. Har yau in ya bugo waya, bokiti yake fara tambaya.